Kwanakin da komai ya zama lami bayan na bar taba

Kwana 40 rabona da sigari ranar da 'yata ta shigo da gudu, takardar sakamakon jarrabawa a hannunta, tana cewa, "Baba, Baba, duba ka gani, ni ce ta biyu!" Na karɓa na duba, na ce mata madalla, na shafa kanta, na sa mata albarka. Amma zuciyata ko gezau. Na san abin murna ne, na san irin wahalar da yarinyar nan ta sha a kan lissafi, sai dai murnar ta ƙi zuwa, kamar ka murɗa famfo ka ji iska kaɗai tana fita. Da ta fita sai na zauna bakin gado ina jujjuya takardar, tsoro ya rufe ni. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne, shekara 17 ina busa hayaƙi, ashe na ƙone wani abu a ƙwaƙwalwata wanda ba zai sake tohowa ba.

Yau shekara biyu da wata bakwai ke nan da na bar taba. Wancan tunanin ba gaskiya ba ne, amma a lokacin ban samu mai gaya mini ba, kuma saura ƙiris ya mayar da ni gidan jiya.

Makon farko kowa ya san da zamansa. Duk wanda ya ji zan daina sai ya ja mini kunne a kansa, kuma yadda suka faɗa haka ya zo: ciwon kai, saurin fushi, barci rabi da rabi, hannu yana lalubar aljihu shi kaɗai. Kwana na biyu da na uku su suka fi tsanani. Nikotin, sinadarin taba mai jawo sabo, ba ya daɗewa a jini, duk bayan kamar awa biyu rabin abin da ke ciki ya tafi, saboda haka cikin 'yan kwanaki jiki ya wofintar da shi. Na ɗauka in na tsallake wannan siraɗi shi ke nan. Zuwa mako na huɗu fushin ya kwanta, tarin asuba ya ragu, har ƙanshin abinci na fara ji da kyau. Sai wani abu ya biyo baya wanda ban san sunansa ba. Bai kai baƙin ciki ba, kuma bai yi kama da ƙishirwar taba irin ta farko ba. Komai ne ya zama lami. Hira da abokai lami, kallon ƙwallo lami, aikin da nake so lami. Mai ɗakina ta taɓa zama kusa da ni da dare ta ce, "Maigida, kana nan amma kamar ba ka nan. Ko wani laifi muka yi?" Na rasa amsar da zan ba ta.

A mako na bakwai na je wajen likita, kuma da niyyar ya rubuta mini maganin barci kawai na je. Da ya ji labarin taba sai ya ajiye biro ya shiga yi mini tambayoyi. Daga bayaninsa da karatun da na bi na yi daga baya na fahimci abin da ke faruwa a kaina.

A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari na halitta, asetilkolin, wanda ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi. Yana da makarɓansa a jikin ƙwayoyin, kamar kwaɗo da ɗan makullinsa. Nikotin ɗan makullin jabu ne da ya dace da wannan kwaɗo. Kana zuƙar hayaƙi, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa ya buɗe makarɓan, su kuma su sa a saki dofamin a sashen da ke kula da marmari da jin daɗi. Aikin dofamin shi ne ya ce wa mutum, abin nan ya yi, riƙe shi, sake yi. Cin abinci a kan yunwa yana sakinsa, ganin ɗanka yana sakinsa, kammala aiki mai wuya yana sakinsa. Sai dai waɗannan jefi-jefi suke zuwa. Ni kuwa kwali guda nake sha kullum, kara 20, kowane kara zuƙa kamar goma. Sau 200 ke nan a yini, sau 73,000 a shekara. Da na lissafa shekaruna 17 sai na ga sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Babu wani darasi a duniya da na maimaita wa ƙwaƙwalwata kamar wannan.

Ƙwaƙwalwa ba ta zama ta zuba ido. Da makarɓan suka riƙa dakushewa saboda yawan nikotin, sai ta ƙera ƙari. Shi ya sa mashayin taba ya fi wanda ba ya sha yawan waɗannan makarɓai, shi ya sa kuma karan farko na safe ya fi kowane kara shiga jiki, don cikin dare sun huta sun wayi gari bakinsu a buɗe. To ranar da ka daina, duk waɗannan bakuna suna nan, babu mai ciyar da su. Masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar waɗanda suka daina, suka wallafa a 2009 cewa yawan makarɓan yana nan sama har bayan wata guda, sai tsakanin mako 6 zuwa 12 yake sauka ya yi daidai da na wanda bai taɓa sha ba.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, ita kanta masana'antar dofamin ɗin ta rage aiki. Wani bincike da aka yi a Jamus aka wallafa a 2016 ya gano ƙarfin sarrafa dofamin a ƙwaƙwalwar mashaya ya gaza na sauran mutane da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, kuma bayan wata uku da dainawa ya dawo daidai.

Na ukun shi ya fi ba ni mamaki, don ba ruwansa da nikotin. Akwai wani sinadari mai share dofamin da 'yan'uwansa bayan sun gama aiki, ana kiransa MAO a taƙaice. A 1996 Joanna Fowler da abokan aikinta a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke jihar New York suka nuna cewa nau'insa guda ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari a ƙwaƙwalwar mashaya, ɗaya nau'in kuma da kusan kashi 28. Wasu sinadarai ne daban a cikin hayaƙin suke daƙile shi. Akwai tsofaffin magungunan ciwon damuwa da ta wannan hanyar suke aiki. Wato duk shekarun nan, ban sani ba, ina ɗirka wa kaina wani abu mai kama da maganin damuwa haɗe da gubar. Da na daina, mai sharar ya dawo bakin aiki da cikakken ƙarfinsa, alhali abin da ake sarrafawa bai kai yadda ya kamata ba tukuna. A binciken nasu, waɗanda suka daɗe da dainawa ba su da bambanci da waɗanda ba su taɓa sha ba.

Da na haɗa ukun nan sai na gane ranar takardar jarrabawa. Ba ƙonewa wani abu ya yi ba. Ma'auni ne da aka daɗe ana danne masa gefe guda, aka ɗauke nauyin rana ɗaya, yana ta lilo kafin ya tsaya. Kwana 40 tsakiyar lilon ne. Kuma abin da ke ci mini rai har yau shi ne, a daidai wannan lokacin masu taya ka murna sun watse, kowa ya ɗauka ka gama, kai kuwa kana zaune kana tunanin in haka rayuwa za ta kasance ba taba, gara ka koma. Sau biyu a baya na daina na koma, duk a cikin wata na biyu, kuma duk da wannan tunanin.

Ba zan iya nuna ranar da abin ya sake ni ba. A hankali ya riƙa janyewa kamar hazo. Abin da na riƙe shi ne wata safiya a farkon wata na huɗu, ina tafiya bayan an ɗauke ruwan sama, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancina, sai na ji wani daɗi ya ratsa ni tun daga ƙirji. Na tsaya cak a gefen hanya. Daɗin bai fi na daƙiƙa biyar ba, amma nawa ne, ba kara ne ya ara mini ba. Na koma gida na nemo takardar nan a cikin durowa na sake dubawa, a ranar ne na yi murnar da na kasa yi.

Mutane da yawa suna tsoron cewa in sun bar taba hankalinsu ba zai sake kwanciya ba, don ita ce ke kwantar musu da shi. Ni ma haka na yi imani. Gaskiyar ita ce mafi yawan tashin hankalin da karan ke kwantarwa, ƙarancin nikotin ne ya tayar da shi tun bayan karan da ya gabata. A 2014 mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa nazarin da Gemma Taylor da abokanta suka yi a kan bincike 26, wanda ya nuna waɗanda suka daina sun sami raguwar damuwa da fargaba da ƙuncin rai fiye da waɗanda suka ci gaba, kuma girman sauƙin ya kai wanda ake samu daga magungunan damuwa. Haka abin yake har ga waɗanda dama can suke da taɓin hankali.

Amma ba zan yaudari kowa ba, akwai abin da ba ya tafiya a wata uku.

Sinadarai suna komawa daidai, hadda kuwa ba ta gogewa. Maimaicin nan miliyan ɗaya da ɗoriya ya ɗaure taba da kowane lungu na yinina: bayan cin abinci, shiga mota, ɗaga waya, fita daga taro, ɓacin rai, har da farin ciki. A wata na 14, lokacin da na ɗauka na gama da ita har abada, na fito daga wata zazzafar muhawara a wurin aiki na tarar da wani abokin aiki a waje ya kunna kara. Iska ta kaɗo mini hayaƙin. Kafin in ankara hannuna na dama yana cikin aljihu, babban yatsana yana murza abin da babu, daidai yadda nake murza laita. Yawu ya taru a bakina. Har nauyin karan na ji a tsakanin yatsu biyu. Na juya na shiga bayan gida na wanke fuska, na tsaya ina kallon agogo. Minti huɗu abin ya yi yana girgiza ni, sannan ya sauka. Irin wannan har yanzu yana zuwa, sai dai tazararsa tana ƙaruwa, ƙarfinsa yana raguwa.

Sai mafarki. Na sha yin mafarkin na zuƙi taba in farka cikin nadama, ina shinshina yatsuna. Na ɗauka alama ce ta cewa zuciyata ba ta tuba ba. Ashe tun 1991 Peter Hajek da abokin aikinsa suka rubuta a kan wannan a Ingila, inda suka samu kusan mutum ɗaya cikin uku na masu dainawa yana irin wannan mafarkin.

Hausawa na cewa sabo turken wawa. Turken na yarda da shi, wautar ce ban yarda da ita ba. Turken nan yana da mazauni a cikin nama da jijiya. A 2007 masu bincike a Jami'ar Iowa suka ba da rahoton mashaya taba da shanyewar ɓarin jiki ta lalata musu wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna insula: da yawansu sun daina sha nan take, ba wahala, ba marmari. Ba wa'azi aka yi musu ba, ba hali suka canza ba. Wannan ya isa ya sa mu sassauta wa wanda yake ta faɗuwa yana tashi.

Abu na ƙarshe mai daɗewa shi ne jikin ƙwaƙwalwar kansa. Wani bincike na Jami'ar McGill ta Kanada da ta Edinburgh, wanda aka wallafa a 2015 a kan dattawa kusan 500 'yan shekara 73, ya nuna ɓawon ƙwaƙwalwar mashaya ya fi siranta. Yana farfaɗowa bayan an daina, amma sannu a hankali: sun ƙiyasta wanda ya sha kwali guda kullum na kusan shekara 30 zai buƙaci kimanin shekara 25. Da na karanta wannan jikina ya yi sanyi. Daga baya na ga abin da yake nufi shi ne duk shekarar da aka jinkirta, bashin ƙaruwa yake.

To me ya taimaka?

Kuskurena babba shi ne na ɗauki neman magani a matsayin rauni. Na ce da ƙarfin zuciya kaɗai zan yi. Da za a mayar da ni baya, tun kafin ranar farko zan je wajen likita. A watan Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko a kan jinyar masu son barin taba, ta amince da magunguna huɗu. Akwai nikotin ɗin da ba hayaƙi, na mannawa a fata ko cingam ko alewar tsotsa, wanda ke rarrashin makarɓan nan ana rage shi mataki-mataki. Yana ƙara yiwuwar dainawa da fiye da rabi, kuma haɗa na mannawa da cingam ya fi ɗaya shi kaɗai. Akwai barenikilin, wanda aka fi sani da Champix, da aka fara amfani da shi a 2006: yana zama a kan makarɓan ya ɗan buɗe su kaɗan, ya kuma tare wa nikotin hanya, ta yadda ko ka zuƙa ba za ka ji daɗin da ka saba ba. Yakan sa tashin zuciya da mafarkai masu ƙarfi. An daɗe ana tsoron yana taɓa hankali, sai babban gwajin da aka wallafa a 2016 a kan mutum sama da 8,000 ya kwantar da wannan fargabar. Akwai sitisin, wanda ake samu daga 'ya'yan wata bishiya, ana sha a Bulgeriya da maƙwabtanta tun shekarun 1960 da sunan Tabex. Sai bufurofiyon, ko Zyban, wanda asalinsa maganin damuwa ne kuma yana taɓa dofamin, amma ba a ba mai farfaɗiya. Dukkansu sun fi aiki in an haɗa da mai ba da shawara da zai riƙa bibiyarka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ni cingam ɗin likita ya ba ni, don lokutan da abin ya taso. Ya nuna mini ba a tauna shi kamar na yara. Ka ɗan tauna har ka ji yaji-yaji a harshe, sai ka ajiye shi tsakanin dasashi da kumatu, in yajin ya tafi ka sake. In ka tauna da sauri ka haɗiye yawun, shaƙuwa da ƙwannafi za ka samu, amfanin ya tafi ciki.

Wani ƙaramin abu da ya canza mini dare shi ne tambayar da ya yi mini: "Malam, kofi nawa na gahawa kake sha a rana?" Na ce huɗu, kamar kullum. Ya ce in rage rabi. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa narkar da kafeyin, sinadarin da ke cikin gahawa, da sauri, in ka daina sai ya riƙa daɗewa a jini, kofi huɗu su zama kamar takwas. Ashe rabin bugun zuciya da rashin barcin da nake ɗora wa taba daga nan suke. Cikin kwana biyar barcina ya gyaru. Wannan sauyin na hanta yana shafar wasu magunguna ma, irin su kilozafin da olanzafin na masu taɓin hankali da tiyofilin na masu asma, don haka duk mai shan su lallai likitansa ya san zai daina.

Sai tafiya. Ban yarda da ita ba da farko, na ga kamar shawarar da ake ba kowa ce a kan komai. Amma tafiya mai sauri ta minti goma tana karya marmari a take, wannan an gwada an gani, ni ma na gani a jikina. Na mayar da ita farillar safe, minti 30, ko ina so ko ba na so. A kwanakin lami, wannan "ko ba na so" shi ne gaba ɗayan maganar. Na koyi kada in jira sha'awa ta zo kafin in yi abu. In je wurin abokai ko hirar ba ta yi mini daɗi, in zauna da yara ko zuciya ba ta motsa ba, don ƙwaƙwalwar da ke koyon jin daɗi daga farko sai an riƙa kawo mata abin da za ta koya da shi. Tafiyar ta kuma taimaka da ƙiba. Nikotin yana danne yunwa, shi ya sa yawancin masu dainawa ke ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko. Ni shida na ƙara, na sauke uku.

Akwai iyaka da likitan ya ja mini, kuma ina so kowa ya riƙe ta. Lami daban, ciwon damuwa daban. In ƙuncin ya wuce mako biyu yana ƙaruwa, ka kasa tashi aiki, ka daina cin abinci, ko tunanin halaka kanka ya fara gilmawa, wannan ba abin da za a ce a yi haƙuri zai wuce ba ne. A ranar za ka nemi likita. Wanda ya taɓa yin ciwon damuwa a baya ya fi kowa buƙatar a sa masa ido a watannin farko.

Ƙanena ya bar taba kwanan nan, da barenikilin, bayan shekara 11 yana sha. Makonni biyu da suka wuce ya kira ni da dare, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "Yaya, ni fa ba taba nake so ba. Kawai dai ba na jin daɗin komai. Anya ban lalace ba?" Na tambaye shi kwana nawa, ya ce 38. Na ce ya ɗauko kalanda ya ƙirga mako 12 daga ranar da ya daina ya zagaye ranar da biro, kada ya yanke wa kansa wani hukunci kafin ta zo, in kuma abin ya yi nauyi kafin nan mu koma wajen likitansa tare. Na tambaye shi gahawa nawa yake sha. Ya ce biyar.

Yau kwanansa 52. Gobe ƙarfe shida na safe zan biya masa mu fita tafiya.